Matuƙi Ya Dogara Da Allura, Allura Kuma A Hannun Ɗan Poli Take

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, labari iri ɗaya ake ji daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano: an ɗage tashi, an soke sauka, wani jirgin ya zo ya yi shawagi ya juya. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce ke lulluɓe gari. Mu da muka fito daga ƙauyukan arewacin Kano, ko Minjibir ne, ko Ungogo, ko Dawakin Tofa, ko Bichi, ko Ɗambatta, mun san hazon nan tun kafin mu karanta shi a littafi. Akwai ranar da kana bakin gona ba ka hango rimin da ke ƙarshenta. A irin wannan rana za ka ji ƙugin jirgi a bisa kanka ba ka ganinsa, shi ma wanda ke tuƙin ba ya ganinka. To da me yake tafiya?

Da allurai yake tafiya, 'yan'uwa ɗalibai. Wasu 'yan agoguna ne a gabansa, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, su ne idonsa. Ya yarda da su ne saboda wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba ya duba su, ya gwada su, ya sa hannu cewa ba sa ƙarya. Wannan ma'aikacin irinmu ne, mai difloma, mai maiƙo a hannu.

Ra'ayina ke nan a taƙaice. Duk wanda zai fita daga Poli da takardar injiniya ko ta kimiyyar gwaje-gwaje ya kamata ya san yadda ma'aunan jirgin sama ke aiki, ko da ba zai taɓa taka matakalar jirgi ba. Babu wurin da ya kai ɗakin matuƙi nuna tsadar lambar ƙarya. Mu kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, muna tashi ne a cikin al'adar da ta mai da lambar ƙarya ba komai ba.

Jiki ma yana ƙarya

Kowa ya yi hajijiya yana yaro. Ka yi ta juyi a tsakar gida, ka tsaya cak, sai ka ji duniya na juyawa ta ɗaya gefen alhali kana tsaye. Dalilin yana cikin kunne. A can ciki akwai 'yan bututu guda 3 masu siffar zobe, cike da ruwa. Idan kai ya fara juyawa, ruwan yakan ɗan tsaya baya, ya lanƙwasa wasu ƙananan gasu, ƙwaƙwalwa ta ce ana juyi. Idan juyin ya daɗe a kan gudu ɗaya, ruwan sai ya kamo bututun, gasun su miƙe, ƙwaƙwalwa ta ce an tsaya. Idan kuma aka tsaya da gaske, ruwan ya ci gaba da tafiya, sai ta ce an juya ta ɗaya ɓangaren.

A ƙasa ido ne ke gyara wannan kuskuren, domin yana ganin bango da bishiya da inda sama ta haɗu da ƙasa. A cikin gajimare, ko hazo, ko duhun dare, ido ba shi da madogara. Jirgi zai iya karkata a hankali, a hankalin da kunne ba ya ji, matuƙi yana rantsuwa a miƙe yake. Da ya ga yana rasa tsayi sai ya ja sitiyari baya don ya ɗaga hanci, amma tun da jirgin a karkace yake, jan sai ya ƙara matse da'irar, ya ƙara saurin gangarowa.

A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da ma'auni ba, suka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin hakan sakan 178 ne, wato bai cika minti 3 ba. Kowannensu matuƙi ne mai ƙwarin gwiwa, jikinsa ne ya yaudare shi.

Shekara 25 kafin nan, ranar 24 ga Satumba 1929, wani sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi daga wani fili a New York, ya zaga, ya sauka, duk a ƙarƙashin rufin da ya hana shi ganin waje. Ma'aunin tsayi na Paul Kollsman da ma'aunan juyi na kamfanin Sperry ne suka kai shi suka dawo da shi. Ku lura, shekara 4 kacal ke nan bayan jiragen sojan Ingila 3 sun taso daga Masar sun sauka a Kano a watan Nuwamban 1925. Waɗancan matuƙan da ido da taswira da kamfas suka ratso. Tun daga aikin Doolittle, darasin da ake ɗora wa ɗalibin tuƙi shi ne: idan jikinka ya ce dama, agogo ya ce hagu, bi agogo.

Uku masu aiki da iska

A ƙaramin jirgin koyo na gargajiya ma'aunan tuƙi guda 6 ne a gaban ɗalibi. Uku da matsin iska suke aiki, uku kuma da abu mai juyawa.

Na iskar suna sha ne daga ƙofa biyu. Ta farko wani ɗan bututu ne da ke leƙowa daga fiffike ko hancin jirgi, bakinsa na fuskantar gaba. Sunansa bututun Pito, daga sunan wani injiniyan Faransa, Henri Pitot, wanda ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen na birnin Faris. 'Yan sashen gine-gine da na makanikanci kun haɗu da shi a darasin gudanar ruwa. Ƙofa ta biyu 'yan huji ne ƙanana a gefen jikin jirgi, inda iskar gudu ba ta dukansu kai tsaye, don haka abin da suke ji shi ne matsin iskar wurin a kwance.

Ma'aunin gudu yana kwatanta biyun. Fitar da tafin hannunka ta tagar mota a hanyar Kano zuwa Ɗambatta, za ka ji iska na tura shi, kuma turin na ƙaruwa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, turin yakan ninka huɗu. A cikin agogon akwai ɗan kwanon ƙarfe siriri mai kumbura: iskar bututun Pito na shiga cikinsa, iskar hujin gefe na kewaye da shi. Bambancin matsin ne ke kumbura shi, ya tura ƙananan haƙora, allura ta motsa. Abin da take nunawa gudun jirgi ne a cikin iska, wanda shi fiffike ya sani, kuma yakan bambanta da gudunsa a bisa ƙasa. Idan wannan gudun ya yi ƙasa da ƙima, ko hanci ya ɗagu fiye da kima, fiffike ya daina ɗaukar jirgi.

Altimita, wato ma'aunin tsayi, hujin gefe kaɗai take sha. A cikinta kwanon a rufe yake ruf, an zuƙe iskar cikinsa. Yayin da jirgi ke hawa, matsin waje na raguwa, kwanon ya buɗe, allura ta hau. A kusa da ƙasa, duk kimanin ƙafa 30 da aka hau matsi na raguwa da milibar 1. Matsalar ita ce matsin iska na canzawa daga rana zuwa rana, daga gari zuwa gari. Shi ya sa altimita ke da ɗan maɓalli da 'yar taga, inda matuƙi ke saita lambar matsin da hasumiyar filin jirgi ta ba shi, wadda ma'aikatan hukumar yanayi ta NiMet suka auna. Filin jirgin Kano na bisa tsayin kimanin ƙafa 1,560 daga teku, wato mita 476, kuma idan saitin ya yi daidai abin da altimita za ta nuna ke nan jirgi na tsaye a ƙasa. A yi kuskuren milibar 10 wajen aunawa, ko wajen faɗa, ko wajen ji, jirgi ya kauce da ƙafa 300 daga inda matuƙi ke zato, kusan mita 90. A rana mai haske zai gani ya gyara. A cikin hazo mita 90 ta isa ta haɗa shi da turken sadarwa.

Na ukun shi ne ma'aunin hawa da sauka. Dabararsa ta fi burge ni, domin da yoyo yake aiki, yoyon da aka yi da gangan aka auna girmansa. Matsin waje na shiga kwanon nan take, amma yana shiga akwatin da ke kewaye da kwanon a hankali ta wani ɗan huji. Muddin jirgi na hawa ko sauka, matsin biyu ba za su daidaita ba, kuma girman tazarar shi ne saurin hawan, ƙafa kaza a minti. Saboda yoyon, allurarsa takan makara da 'yan sakanni, kuma ana koya wa ɗalibi kada ya riƙa bin ta a guje.

Akwai kuma ma'aunin zafi, wanda a ƙasarmu ba abin rainawa ba ne. Iska mai zafi ba ta da kauri. A lissafin da masu ƙera jirgi ke amfani da shi, zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kimanin digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, don haka a tsayin Kano ana sa ran digiri 12. A watan Afrilu kuwa Kano na kai digiri 40. Kowane digiri na ƙari yana sa jirgi ya ji kamar an ƙara masa kimanin ƙafa 120, ka ga digiri 28 sun ba da ƙafa 3,360. Inji da fiffike za su yi aiki kamar filin na kan tsauni mai kusan ƙafa 5,000, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Lissafin duka a kan karatun ma'aunin zafi ɗaya ya tsaya.

Uku masu aiki da mazari

Wanda ya taɓa ganin kakarsa na kaɗi ya san mazari. Idan yana tsaye ba ya juyawa, sakinsa za ka yi ya faɗi. Idan an murza shi yana gudu, sai ya tsaya ƙyam a kan tsininsa. Haka katantanwar yara take. Abu mai nauyi da ke juyawa da sauri yana riƙe inda ya fuskanta, ba ya son a kautar da shi. A kan wannan ɗabi'a aka gina sauran ma'aunan uku, kuma mazarin ƙarfen da ke cikinsu shi ake kira jairo.

Na tsakiya, wanda ido ya fi komawa kansa, shi ne mai nuna zaman jirgi. Fuskarsa rabi shuɗi ce, rabi ruwan ƙasa, da layi a tsakani. Jairon cikinsa na rataye a kan zobba masu juyawa, don haka jirgi ne ke karkata a kewayensa, shi yana nan yadda yake. Layin da hazo ya ɓoye a waje, ga shi an dawo wa matuƙi da shi a cikin gilashi. Na biyu mai nuna alƙibla ne, mai digiri 360. Za ka ce ai akwai kamfas. Akwai, amma kamfas na rawa, kuma yana kuskure idan jirgi na kwana ko yana ƙara gudu. Jairo ba ya rawa, sai dai bai san arewa ba, kuma yana zamewa a hankali, don haka ɗalibi ke sake saita shi da kamfas kamar duk minti 15, lokacin da jirgi ke tafiya a miƙe. Na ukun yana nuna saurin kwana. Kwanar ƙa'ida digiri 3 ce a sakan, wato minti 2 a zagaye cikakke. A ƙasansa akwai ɗan ƙwallo a cikin lanƙwasasshen bututu mai ruwa, ɗan'uwan abin da magina ke auna miƙewar bango da shi, yana nuna ko jirgin na zamewa gefe.

Wani abin lura: a yawancin ƙananan jirage, famfon iska ne ke juya jairo biyu na farko, lantarki kuma ke juya na ukun. An raba musu hanyar ne da gangan don kada su mutu tare. Ɗalibi kuma ba a barinsa ya ƙura wa agogo ɗaya ido. Yana zagaya su, yana tambayar kowanne ko maganarsa ta dace da ta sauran. Idan mai nuna zama ya ce hanci a sama yake, ya kamata altimita ta hau, gudu ya ragu. Wanda ya saɓa wa sauran shi ake zargi.

Zanzaro da salatif

Ranar 6 ga Fabrairu 1996, jirgin Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, ya faɗa teku bayan 'yan mintuna. Mutum 189 suka rasu. Bincike ya nuna bututun Pito na ɓangaren kyaftin a toshe yake. Idan bututun ya toshe, iskar da ta maƙale a ciki ba ta canzawa, amma matsin waje na raguwa yayin hawa, sai ma'aunin gudu ya riƙa nuna ƙarin gudun da babu shi. Aka ɗaga hanci, aka rage wuta, jirgin da dama gudunsa bai kai ba ya rasa abin da ke ɗauke da shi. Jirgin ya yi kusan mako 3 a ajiye kafin tafiyar, kuma abin da masu bincike suka fi zargi shi ne wani ƙwaro mai gini da laka ya yi ɗaki a cikin bututun. Zanzaro ke nan, wanda muke gani yana gini a bayan ƙofa da cikin rumbu. Akwai murfin da ake sa wa bututun idan jirgi zai kwana, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A wannan shekarar dai, ranar 2 ga Oktoba, wani Boeing 757 na kamfanin Aeroperu ya tashi daga Lima ta ƙasar Peru da dare. Masu goge jikin jirgin sun liƙe hujin gefe da salatif don kada ruwa da man gogewa su shiga, wanda daidai ne, amma ba a cire ba, kuma duk waɗanda ya kamata su duba ba su gani ba. Altimita da ma'aunin gudu suka rikice a lokaci ɗaya, a bisa teku, cikin duhu. Mutum 70 suka rasu. Ranar 1 ga Yuni 2009 kuma ƙanƙara ta toshe bututun Pito na jirgin Air France da ya taso daga Brazil zuwa Faris. Toshewar ba ta daɗe ba, amma ruɗanin da ya biyo baya ya ci rai 228.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu hawa jirgi ce. Mutanen Gwammaja da jirgin kamfanin EAS ya faɗo wa a cikin gidajensu ranar 4 ga Mayu 2002 ba su sayi tikiti ba. Ban kawo wannan don in ɗora shi a kan ma'auni ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa a ƙasa mai cunkoso irin tamu, inda daga wannan ƙauye kana hango wancan kuma babu taƙin da ba a nomawa, duk abin da ya faɗo daga sama a kan mutane zai faɗo.

Mu dawo gida

Yanzu mu dubi yadda muka saba da ma'auni. Shiga motar haya daga Bichi ko Kunchi zuwa birni ka leƙa gaban direba: agogon gudu a kwance, gejin mai ya mutu tun zamanin mai motar na farko, fitilar gargaɗi na ci an liƙe ta da sitika. Mai faci yakan buga taya da ƙarfe ya ce ta yi. Injin ban ruwa a fadama sai ya yi hayaƙi ake sanin mai ya ƙare a cikinsa. A kasuwa kowa ya san akwai kwanon saye, akwai kwanon sayarwa. Da wannan idon muka shigo makaranta.

A nan kuma me muke tararwa? Rukuni na mutum 15 a kan na'ura ɗaya, mutum biyu na taɓawa, sauran na jiran a turo musu lambobi ta WhatsApp. Rahoton firaktikal na bara na yawo daga hannu zuwa hannu, ana canza suna da kwanan wata. Idan gwaji ya ba da lambar da ba ta yi daidai da ta littafi ba, sai a goge a rubuta ta littafin, alhali wannan saɓanin shi ne darasin: ko na'urar ce ta kauce, ko hannun mai aunawa ne, ko akwai wani abin da lissafi bai kula da shi ba. Littafin SIWES na wata huɗu ana cike shi a dare biyu. Maltimita da geji da ma'aunin nauyi suna shekaru ba wanda ya gwada su da wani ma'aunin da aka tabbatar, ba kuma takarda a jikinsu mai nuna ranar da aka yi.

Ana ɗaukar wannan wayo ne na cin maki. Ni kuwa ina ganin horo ne, domin hannu abin da ya saba shi yake yi. Wanda ya shekara biyu yana rubuta lambar da bai auna ba, ranar da aka ba shi fom a wurin aiki aka ce ya duba abu 30 kafin ƙarfe 6, alƙalaminsa zai riga idonsa. A Amurka doka ta wajabta a gwada altimita da layin hujin gefe duk wata 24 ga jirgin da zai yi tafiya da ma'auni, kuma wanda ya gwada sai ya rubuta sunansa da lambar lasisinsa. A nan gida hukumar NCAA ce ke ba injiniyoyin gyaran jirgi lasisi, kuma sa hannunsu ne ke sakin jirgi ya tashi. Duk darajar wannan sana'a a kan abu ɗaya take: idan ya ce ya duba, to ya duba.

Abin da za a ce mini

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke neman kuɗin rajista, ina mu ina jirgi? Gaskiya ne karatun tuƙi na da tsada ƙwarai, kuma ɗan manomi ba ya kai kansa sai da tallafi, irin wanda gwamnatin Kano ta yi a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso da ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Amma kujerar matuƙi ɗaya ce daga cikin ayyuka da yawa. Kwalejin koyon fasahar jiragen sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964, bayan matuƙa tana horar da masu gyaran jirgi, da masu kula da zirga-zirgar sama, da masu kula da na'urorin sadarwa da na nuna hanya. Hukumar NAMA na buƙatar masu gyara na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo, NiMet na buƙatar masu karanta ma'aunan yanayi. Zariya ba Landan ba ce, a mota ɗaya ake zuwa daga Kano. Kuma ko ba ka je ba, bututun da ke auna gudun jirgi ɗan'uwan wanda ke auna ruwa a bututun madatsa ne, kuma gejin tukunyar iskar asibiti da ƙa'ida ɗaya yake aiki da altimita.

Wani zai ce ai yanzu komai kwamfuta ne, allo ya maye gurbin agoguna. Haka ne, jiragen zamani allo gare su, kuma jairon ƙarfe ya ba da wuri ga na lantarki, wanda ƙaninsa ke cikin wayar da ke aljihunka. Amma kwamfutar daga ina take samun labarin iska? Daga bututun nan dai da hujin nan. Jirgin Air France na 2009 Airbus A330 ne, cike da kwamfuta. Allo mai kyau zai nuna maka ƙaryar da aka ba shi da launi mai kyau. GPS kuma gudunka a bisa ƙasa yake sani, bai san abin da fiffike ke ji ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa laifin ba na ɗalibi ba ne: kayan aiki sun yi kaɗan, wasu sun lalace, wuta ba ta tsayawa, kuma malami na rage maki idan lambarka ba ta yi kama da ta littafi ba. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa maganar ba ta tsaya kan ɗalibai kaɗai ba. Amma ku duba abin da kwafar ke jawowa. Muddin rahoto 60 na zuwa da lambobi masu kyau daga na'urar da ta mutu, a takarda na'urar lafiyarta ƙalau, kuma ba mai dalilin sayo sabuwa. Rahoton da ya ce na auna, ga abin da na samu, ya kauce da kashi kaza, ina zargin gejin, shi ne shaidar da shugaban sashe zai ɗauka ya kai sama. Kwafa tana rufa wa matsalar asiri ne, mu kuma mu fita da takarda ba tare da hannu ba.

Abin da nake roƙo

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, buƙatuna huɗu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu. Na farko, a nemi zama da shugabannin sassa a kan a riƙa ba da maki ga bayanin kuskure na gaskiya, ta yadda ɗalibin da ya kawo lambar da ta kauce tare da dalili zai fi wanda ya kawo lamba mai santsi ba bayani. Na biyu, wakilan azuzuwa su zaga ɗakunan gwaji da wakshof tare da malaman da ke kula da su, a rubuta kowane ma'auni, mai aiki da marar aiki da ranar da aka yi masa gwajin ƙarshe, a miƙa wa hukumar makaranta a rubuce, a ajiye kwafi. Na uku, daga kuɗin da ake warewa na makon ɗalibai a cire na mota ɗaya, a rubuta wa NCAT takardar neman izinin ziyara, 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu, maza da mata, su je su ga ɗakin gyaran ma'auni da idonsu. Na huɗu, masu neman taken furojet su duba wannan fannin. Da siririn tiyo mai haske, da ruwa mai launi, da rula, da fanka, za a haɗa bututun Pito mai aiki a auna gudun iska, kuma kuɗinsa bai kai na ɗaurin rahoton ba.

Mu 'yan ajin ƙarshe saura mana 'yan watanni. Ƙannenmu da ke shigowa su ne za su daɗe da waɗannan na'urori, don haka su nake so su fara tambayar da ta dace tun daga firaktikal na farko: Malam, yaushe aka gwada wannan gejin? A yi tambayar da ladabi, a kuma rubuta amsar a cikin rahoto. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa abin da muka koya ya amfani jama'a.